Baƙin Ƙunshin Madam Wasila

Shekara ashirin ke nan rabon da a kira Wasila da sunanta a gidan Baffa Zakariya'u da ke cikin Birni. 'Yar Dogo ake ce mata, don daga karkarar Dogo aka ɗauko ta tana 'yar shekara bakwai, bayan rasuwar ubanta Idirisu, ƙanen Baffan. Uwarta Jummai ta riga shi da damina ɗaya. Ta zo da ƙullin tufafi da akwatin ƙarfen ubanta, a ƙasan akwatin kuwa akwai takardar haihuwarta. Aka yi daidai da Aliya, 'yar cikin Baffa, ta kai shekara goma ba ta da takarda, a lakwal kuma, wato makarantar boko, an ce ta yi girma. Baffa mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai takardu daga wannan ma'aikata zuwa waccan, ya san darajar takarda fiye da yadda ya san ta mutum. Ya zare ta marainiya ya ba 'yarsa. Aliya ta shiga lakwal da sunan Wasila Idirisu, ta ci jarrabawa da shi, ta zama malamar kwantaragi da shi, yau ko'ina a Zindar Madam Wasila ake ce mata. Ita kuwa mai sunan, ranar da ƙawayen Aliya suka fara yin sallama suna kiran Wasila, ta amsa daga madafa, sai Hajiya Maryama matar Baffa ta ɗauke ta da mari. Ba ta ƙara amsawa ba.

Daka nata, wanki nata, ɗiban ruwa nata. An yi mata aure sau ɗaya, bai kai shekara ba ya mutu, ta dawo ta tarar da turminta yana nan inda ta bar shi. Abu guda ta koya wa kanta, shi ne ƙunshi. Duk amaryar da Wasila ta ɗaure wa lalle a Birni, sai an tambayi hannun wa ne. Da wannan take sayen sabulu da ɗan zane, ta kuma ɗauka haka za ta ƙare, sai ga Iya Kande, yayar uwarta, ta zo daga ƙauye ganin likitan ido.

Iya Kande kaɗai ce ba ta yarda da 'Yar Dogo ba. Ta bi ta har madafa ta zauna a kan turmi.

"Ke Wasila, ashe haka ake yi? Ki sayar da garkar ubanki, ko shawara babu?"

"Wace garka zan sayar, Iya?"

"Au! Baffanki ya zo mana da 'yan kwamitin filaye kafin azumi, suka auna ta daga rijiya har bakin kwari. Ya ce ba ki da lafiya ne, shi ya wakilce ki. Aka tambaye mu ta wa ce, muka ce ta Wasila 'yar Idirisu ce. Maigari ya shaida, ni ma na dangwala, har muna sa masa albarka. To, makon jiya sai ga wani Alhaji Mai Nasara da mota, yana zagaya itatuwan mangwaro yana bubbuga su kamar mai zaɓen kankana. Ya ce in na sare raken bana kada in sake dasawa, ciniki ya faɗa, sabon katin ɗan ƙasa na mai garka kawai ake jira."

Muciya ta suɓuce daga hannun Wasila. Ba ta yi lakwal ba, amma wannan lissafin bai yi mata wuya ba. Babu wanda ya yi ƙarya a ƙauye, garka ta Wasila Idirisu ce. Sai dai ranar sa hannu, wadda za ta fito da kati mai wannan suna ba ita ba ce.

Bayan la'asar ta sami Baffa a zaure yana jin rediyo. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ta ji. Bai ko rage muryar rediyon ba.

"To, sai me? Garkar da ba ki taɓa riƙe fartanya a cikinta ba?"

"Baffa, ita kaɗai ya bar mini. Da ita da sunan."

"Suna! Ji ta. Takarda ce fa kawai, 'Yar Dogo. Takarda tana ciyar da mutum ne? Shekara ashirin kina ci kina sha a gidan nan, wa ya taɓa ce miki kawo takarda kafin a zuba miki tuwo? Rufin ɗakin da kike kwana ma yoyo yake, da me kike so in gyara? Idirisu da kike ji uwa ɗaya uba ɗaya muke, abinsa nawa ne. Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi, amma ba ɗaki ta nufa da zuciyarta ba. Washegari da hantsi ta ce za ta sayo lalle, ta wuce inda ake rajistar sabon katin. Tun da aka rusa majalisun magadan gari aka ɗora kantomomi, abubuwa da yawa sun sake a ma'aikatu, mutanen da Baffa ya sani yawancinsu sun watse, ga kuma wannan rajista da ake ta shela a rediyo. Ta bi layi har rana ta take. Matar da ke gabanta 'yar ƙwalisa ce, hannunta ya sha baƙin ƙunshi har kan yatsu. Da ta ɗora su a gilashin na'urar, sai na'urar ta yi ƙara ta kawo ja. Aka goge, aka sake, aka sake, ja dai.

"Hajiya, ba ki ga sanarwa a ƙofa ba?" in ji ma'aikaciyar. "Baƙin lalle yana rufe zanen yatsu, na'ura ba ta gani. Je ki sai ya goge, ko mako uku ko wata."

Matar ta fita tana tsaki. Wasila ta matso, ta faɗi sunanta da ƙaramar murya, kamar mai tsoron kada Hajiya ta ji daga Birni.

"Ina takardar haihuwa?"

"Tana hannun wata."

Ma'aikaciyar ta ɗago ta dube ta. Da alama ba yau ta fara jin irin wannan ba. "To, ki saurare ni. A wannan rajista, suna ɗaya yatsu goma ne. Duk wadda ta fara ɗora hannu a kan takardar nan, sunan ya kulle a kanta. Kwance shi kuma sai gaban alƙali, kuma ba aikin shekara ɗaya ba ne. In naki ne, je ki inda aka haife ki, akwai kundi. Ki nemo kwafi da shaidu. Amma kada ki yi sanya."

Kafin ta iso gida labari ya riga ta, don a Birni ko tari ka yi a lungun sama sai an yi maka sannu a na ƙasa. Hajiya Maryama ta karɓe wayarta, ta ce mace mai yawo ba ta riƙe waya. Ta sa kwado a ɗakin hatsi, ta koma auna mata abin da za ta dafa wa gida, nata rabon kuwa ƙanzo. Duk wadda ta aiko neman ƙunshi sai a ce 'Yar Dogo ba ta da lafiya. Fita kuwa ko zuwa famfo sai da ido a bayanta. Kwana tara ana haka, Wasila ta rame har wuyanta ya yi tsawo.

A rana ta goma Baffa ya kira ta da fara'a, abin da ba ta taɓa gani ba. Har da liman a zaure, an kawo goro.

"Na yi tunani, na ga ke ma kina da hakki," in ji Baffa. "Zan kai ki wurin alƙali da shaidu biyu, a yi miki takarda sabuwa fil. Sunan Aliya yana nan a ajiye, babu mai amfani da shi. Ki zama Aliya Zakariya'u. Kin ga na mai da ke 'yata ta cikina ke nan. Wace marainiya ce ta taɓa samun irin wannan gata?"

"Ubana fa, Baffa?"

"Wanda ya mutu me zai yi da takarda?"

Liman ya gyara zama. Mutumin kirki ne, sai dai rabin labari aka ba shi, shi kuma bai nemi ɗaya rabin ba. "Yarinya, ki yi haƙuri. Zumunci ya fi garka. In kika ta da maganar nan, aikin yayarki ya tafi, mutuncin Baffanki ya zube, ke ce za a ce kin tona asirin gidan da ya rufa miki asiri. Mai haƙuri yakan dafa dutse."

Wasila ta sunkuyar da kai. A ranta ta ce shekara ashirin tana dafa dutsen nan, romon kuwa wasu ke sha. A fili ba ta ce komai ba, suka ɗauki shirunta a matsayin amincewa, aka shafa fatiha.

Saura Aliya. A kanta Wasila ta ɗora ɗan sauran zatonta, don a tabarma ɗaya suka tashi, kuma Aliya ba ta taɓa dukanta ba. Ranar Alhamis sai ga ta ta zo daga gidan mijinta da ƙamshin turarenta, ta cire takalmi ta miƙe ƙafa a tsakar gida. Bikin ƙanwar mijinta ake ranar Lahadi, tana son ƙunshin da zai sa dangin miji su yi shiru. Ta kuma gaya wa uwarta cewa malaman lakwal ɗinsu an ba su ranar Talata su je rajista, Baffa ya ma yi magana da wani don kada ta bi layi.

Da Hajiya ta shiga ɗaki, Wasila ta matso.

"Yaya, don Allah kada ki ɗora hannu a kan sunan nan. Ki bar mini shi. Garkar Babana ce za ta tafi."

Aliya ta yi ajiyar zuciya. "Ni ma fa ba a tambaye ni ba, 'Yar Dogo. Yarinya ce ni aka ce in amsa, na amsa. Yanzu duk dosiyena da sunan yake, takardun jarrabawa, takardar aiki, har ta aure. In na sake shi, in zama wa?"

"Ni da aka raba da shi na zama wa?"

Nan fa ran Madam ya ɓaci, don gaskiya ba ta da daɗi a kunnen mai ƙoshi. Ta ja tsaki ta gyara ɗankwali. "Ke dai kin cika naci. Me za ki yi da suna? Ko rubuta shi ba ki iya ba. Ni na wahala da shi, ni na sa aka san shi a garin nan. A hannunki da yanzu yana ƙasan akwati gara ta cinye. Gobe da hantsi zan zo, ki kwaɓa lalle mai kyau."

Maganar nan ta fi marin Hajiya zafi. Wasila ta ji wani abu ya tsinke a ƙirjinta, tausayin da take wa Aliya ya zube tas, abin da ya maye gurbinsa kuwa ƙiyayya ce mai sanyi, irin wadda ba ta sa mutum ihu. Ta tuna matar nan ta layi da jan da na'ura ta kawo. Sanarwar tana manne a ƙofa ƙiri-ƙiri, amma Madam mai karatu ba ta taɓa taka ƙofar ba, don ita ba ta bin layi. Wadda ba ta iya karatun ba ita ta ji da kunnenta.

"To, Yaya," in ji ta. "Zan yi miki irin wanda ban taɓa yi wa kowa ba."

Ranar Jumma'a ta tankaɗe lalle sau biyu, ta kwaɓa shi da ruwan lemon tsami ya yi danƙo. Kafin ta taɓa shi sai ta zura hannayenta cikin leda ta ɗaure a wuyan hannu.

"Yau kuma tsabta ce ta motsa?" in ji Hajiya.

"Gishirin lallen ne ke cin hannuna, Hajiya."

Ta fitar da zane a bayan hannun Aliya da tafinta, sa'an nan ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya ta lulluɓe kansu ciki da baya har gaɓa ta farko. Ta naɗe da leda da tsumma, ta sa ta zauna a rana. Aka kwance bayan azahar, ta sake ɗauri na biyu. Ranar Asabar ta yi na uku. Duk wannan lokaci kunnenta yana buɗe, tana jiran wani a gidan ya tuna da Talata ya ce a dakata. Baffa ya wuce su sau huɗu, abin da ya ce kawai, "Madalla, a yi wa Madam aiki da kyau." Da lallen ya yi ja jawur, ta dama gishirin lalle da toka ta shafe shi, ta bar shi ya daɗe fiye da ƙa'ida. Da aka wanke, yatsun Aliya sun yi baƙi wuluk kamar bayan tukunya, suna sheƙi. Ragowar kwaɓin kuwa Wasila ta faki ido ta ɗiga a babban yatsan ƙafarta, ta bi shi da gishirin. Wannan shi ne agogonta. Ranar da ya goge a ƙafarta, ta san ya goge a hannun Aliya.

A wurin biki an yi ta ɗaga hannun Madam ana ɗaukar hoto. Ranar Talata kafin azahar sai ga ta ta faɗo gida ko sallama babu, mayafi a hannu.

"Ya ƙi! Sau shida suna gwadawa ya ƙi! Wai sai bayan wata guda!"

Baffa ya fito ba hula. Da ne, da yanzu ya hau babur ya je ya ga wane, wane ya ga wane, a buga hatimi. Amma na'ura ba ta da suruki, ba ta kuma cin goro. Hajiya ta ɗebo lemon tsami, da toka, da ruwan jabal na wanke farin kaya, da dutsen goge kaushi. Suka dirje yatsun nan har fata ta saɓule, Aliya tana kuka tana janyewa, baƙin yana nan daram, ga kuma rauni an ƙara. Can sai Hajiya ta tsaya cak, ta juya ta dubi hannayen Wasila, farare tas, babu ko ɗigon ja.

"Leda," in ji ta. "Shegiya, leda kika sa! Kin sani!"

"Na sani, Hajiya."

Ta sha mari biyu, na ukun ta riƙe hannun. Baffa ya nuna mata ƙofa, ya ce in ta ƙara kwana a gidansa bai haifu ba. Da ya yi tunani kaɗan da kulle ta zai yi, amma fushi ya sa ya buɗe mata ƙofar da suka yi mako biyu suna tsarewa. Ta ɗauki akwatin ƙarfen ubanta a ka, ta bi lungunan Birni cikin yashi har tasha, ba ta waiwaya ba.

A Dogo abin bai zo da sauƙi ba. Malam Mahamud, mai kula da kundin haihuwa a ma'aikatar magajin gari, ya saurare ta har ƙarshe. Ya ce ba zai ba da kwafi a kan maganar baki ba, tunda akwai wata mai yawo da tsohon kati a sunan. Sai ta kawo maigari, da shaidu biyu, kuma duk abin da ta faɗa zai rubuta shi ya tafi gaban alƙali.

"Kin yarda? Baffanki ne fa."

"Rubuta, Malam. Kada ka rage ko ɗaya."

Maigari ya yi tafiya ta'aziyya, aka jira shi kwana biyar. Kundin shekarar haihuwarta yana cikin waɗanda aka kai a shigar a na'ura, aka jira shi mako guda. Kantoma ya tafi taro a garin Mirya, sa hannu ya tsaya. Kullum da asuba Wasila sai ta duba yatsan ƙafarta. Baƙin ya koma ruwan ƙasa, ruwan ƙasan ya fara komawa ja, barci ya ƙaurace mata. Iya Kande da idonta ɗaya a naɗe ta riƙa bin ta a ƙafa, tana jan tsohuwa Zuliha ungozoma, wadda ta tsaya gaban Malam Mahamud ta ce, "Ni na yanke mata cibi a ɗakin Jummai, ranar kasuwa ce, ana sarar rake. In akwai wata Wasilar Idirisu, a kawo ta ta gaya mini launin ƙofar ɗakin."

A rana ta goma sha tara aka buɗe kundin, ga layin nan da tawada ta dushe: Wasila, 'yar Idirisu da Jummai. Malam Mahamud ya karanta da ƙarfi, Wasila ta fashe da kuka kamar yau aka yi mata rasuwar. Aka buga hatimi, ta wuce ɗakin 'yan rajista. Ta ɗora yatsu a gilashi, na'ura ta yi shiru, ta kawo ja. Ta dubi yatsunta. Shekara ashirin na taɓarya da sabulun wanki sun cinye mata zanen hannu.

"Kada ki damu, hannun aiki ne, mun saba," in ji mai na'urar. "Goga su a goshinki su ɗan yi maiƙo."

Ta goga a gumin goshinta ta sake ɗorawa. Kore. Ɗaya bayan ɗaya har goma, kore. Da aka miƙo mata alƙalami ta sa hannu, ta ce ba ta iya ba, a ba ta tawada. Ta danna babban yatsanta a ƙarƙashin sunan da ƙarfi, har sai da takardar ta lotsa.

Bayan kwana tara Aliya ta koma rajista a Zindar da yatsu tas, na'ura ta karɓe su, sa'an nan ta ce takardar nan da mai ita. Aka riƙe dosiyen Madam, aka dakatar da ita daga aiki sai alƙali ya yi magana. Alhaji Mai Nasara ya janye, ya ce shi garka ya zo saye, ba shari'a ba. Mutanen Birni kuwa da suka yi shekara ashirin suna jin ana kiran 'ya'ya biyu da sunan da ba nasu ba, sai kowa ya tashi da salati, wai bai taɓa sani ba. Sun sani sarai. Gida nawa ne a garin nan da takardar maraya ke cikin jakar ɗan masu gida? Ana cewa taimakon juna ne, ana cewa duk jini ɗaya ne. In jini ɗaya ne, me ya sa kullum daga hannun maraya takardar ke fita, ba a taɓa ganin ta shiga ba?

Ana cikin sarar rake Baffa Zakariya'u ya zo garka. Ya sauka daga babur ɗin haya a bakin shinge, rigarsa ta yi masa yawa. Wasila tana can gindin rijiya tana ɗaure dami, Iya Kande tana zaune a inuwar mangwaro.

"'Yar Dogo!"

Ta ci gaba da ɗaurinta.

"'Yar Dogo, ba ki ji ne?"

Ta ja igiya ta ƙulle, ta jawo wani damin. Iya Kande ta ɓare rake ta sa a baki, ko kallonsa ba ta yi ba. Ya daɗe a tsaye rana tana dukansa, 'yan ƙwadago sun tsaya da aiki suna kallo. Can ya sake kira.

"Wasila."

Ta ɗago. "Wace Wasilar, Baffa? Ka san an ce mu biyu ne."

"Wasila Idirisu."

"Na'am. Sannu da zuwa, Baffa. Ya hanya?"

Ta gaishe shi yadda ake gai da uba, ta durƙusa, amma ba ta ce ya shigo inuwa ba. Ya yi magana daga bayan shinge. Aliya ba ta ci ba ta sha, mijinta ya fara maganar a mai da ita gida. An sa ranar shari'a. In Wasila ta ce wa alƙali da yardarta aka yi, ita ta ara wa yayarta takardar, abin zai zo da sauƙi.

"Shekarata bakwai lokacin, Baffa. Yardar wa?"

"Ki dubi zumunci. Ki dubi tuwon da kika ci a gidana."

"Na dube shi, ni na tuƙa shi. Zan je gaban alƙali, zan faɗi cewa Yaya yarinya ce aka ba ta, don gaskiya ce. Zan kuma faɗi wanda ya buɗe akwatin, da wanda ya kawo 'yan awo garkar nan. Ba zan ƙara ba, ba zan rage ba."

"To, ita Aliya fa? Yanzu ba ta da ko takarda ɗaya a duniya. Ta zama wa?"

Wasila ta miƙe ta karkaɗe zanenta. Shekara ashirin tana jiran wani a gidan nan ya yi wannan tambaya, yau ga ta ta fito daga bakin da ya dace, kuma ba ta ji tausayinsa ko kaɗan ba.

"Ai akwai suna a ajiye, Baffa, babu mai amfani da shi. Kai ka gaya mini a gaban liman. Aliya Zakariya'u. Ka ɗauki shaidu biyu ka tsaya gaban alƙali ka ce 'yarka ce, abin da ya kamata ka yi tun tana shekara goma. Kada ka damu, takarda ce kawai."

Ta sunkuya ta ɗauki damin rake ta ɗora a ka, ta nufi bakin kwari inda amalanke ke jira. Baffa ya buɗe baki zai sake kira, sunan da ya saba ya zo masa a harshe, ya haɗiye shi.